Fred Below, Makaɗin da Ya Saita Takun Blues na Shikago

Blues salon waƙa ne da baƙar fatar kudancin Amurka suka ƙirƙira, musamman a yankin Misisipi, inda mutum ɗaya kan rungumi jitarsa yana kokawa da talauci da rabuwa da baƙunta. Da dubban mutanen yankin suka yi ƙaura zuwa Shikago neman aikin masana'antu, sai waƙar ta faɗa gidajen rawa masu hayaniya, aka jona jita da lantarki, aka kuma buƙaci ganga da za ta riƙe wa masu rawa taku. Cikin waɗanda suka tsara yadda za a buga gangar nan, da wuya a sami kamar Fred Below, wanda aka haifa a Shikago a 1926.

Shi kuwa ba da blues ya tashi ba. Kiɗan jaz ya koya a sakandaren DuSable da makarantar makaɗa ta Roy C. Knapp, ya iya karanta kiɗa a rubuce, ya kuma yi aikin soja cikin 'yan badujala har a Jamus. Da ya komo gida a farkon shekarun 1950 ya tarar aikin jaz ya yi ƙaranci, sai ya shiga ƙungiyar blues mai suna Aces, wadda Junior Wells ke ciki tare da wasu 'yan'uwa biyu, Louis da Dave Myers.

Farkon zaman bai zo masa da sauƙi ba, domin a ƙa'ida baitin blues gaɓa goma sha biyu ne, kowace gaɓa kuma bugu huɗu, amma mawaƙan da suka koyi sana'ar da kunne ba ruwansu da ƙirge, sukan ƙara ko su rage yadda numfashi ya ba su. Maimakon ya raina su, kamar yadda mai ilimin makaranta kan yi, sai Below ya ajiye lissafi ya bi bakin mawaƙi, yana cike giɓi da gajeren kiɗa mai nuna wa kowa inda sabon baiti zai faro. Hannunsa na dama yana kan faifan tagulla yana bugun dogo da gajere, tamkar sassarfar doki, na hagu kuwa yana sauka da ƙarfi kan ƙaramar ganga a bugu na biyu da na huɗu, wato wuraren da kunne bai saba jin nauyi ba. Wannan nauyi ne ke ɗaga mutum daga kujera, shi ne kuma kiɗan rok ya gada.

A 1952 Little Walter, gwanin busa hamonika, wato ɗan abin busar da ake zuzawa a leɓe, ya ɗauki Aces su riƙa yi masa kiɗa bayan faifansa "Juke" ya yi kasuwa, kuma Below ne ya buga gangar "My Babe" a 1955. Daga nan ya zama makaɗin da kamfanin faifai na Chess ke kira idan za a ɗauki waƙar Muddy Waters ko Howlin' Wolf ko Sonny Boy Williamson ko Chuck Berry, ya kuma zaga Turai da mawaƙan blues a shekarun 1960.

Ciwon daji ya yi ajalinsa a Shikago a 1988. Faya-fayan wancan zamani sunan mawaƙi da na marubucin waƙa suke ɗauka, saboda haka yawancin waɗanda suka taka rawa da kiɗansa ba su taɓa jin sunansa ba.