Daga Gulbin Rima Zuwa Randa: Yadda Kwalara Ke Shiga Gida

Duk wanda ya tsaya a kan gadar Kwalkwalawa da hantsi, a hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, zai ga yadda rayuwa ke tafiya a bakin Gulbin Rima. Ga masu wanki, ga yara suna ninƙaya, ga makiyayi yana shayar da shanu, can gefe kuma injin ban-ruwa yana jan ruwa zuwa fadamun albasa da latas. Wannan gulbi arzikin Sakkwato ne. Sai dai idan damina ta kankama, duk ƙazantar da ke cikin kwatocin gari, da bahayar da aka yi a fili, da masan da suka cika suka tumbatsa, gulbi ruwan sama ke kai su.

Abin da ke haddasa kwalara, wato amai da gudawa mai tsanani, wata ƙwayar cuta ce da masana ke kira Vibrio cholerae. Ido ba ya ganinta sai da madubin likita, inda take bayyana a lanƙwashe kamar waƙafi. Tana jin daɗin ruwa mai ɗumi, tana kuma manne wa gansakuka da ƙananan halittun ruwa har ta daɗe. Idan mutum ya haɗiye ta da yawa ta tsallake tumbi ta isa ƙaramin hanji, sai ta saki guba mai sa hanjin ya riƙa zubo ruwa da gishirin jiki. Bayan gida ya koma fari tsululu kamar ruwan wankin shinkafa. Babban mutum yana iya zubar da kusan lita guda a sa'a ɗaya. Ido ya zurma, fata ta yamutse, wanda ya karya kumallo lafiya lau da safe sai a ji kafin isha'i ya cika.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, yawancin waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu ba sa kwanciya ciwo ko kaɗan, amma suna fitar da ita a bahayarsu har kusan kwana goma. Mutum yana yawo cikin kasuwa garau, yana shuka cutar bai sani ba.

Mun sha ɗanɗana wannan masifa. A shekarar 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu a faɗin Najeriya, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Sakkwato na cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna. A Nuwamban 2024 ma'aikatar lafiya ta jiha ta sanar da rasuwar mutum 25 a ƙananan hukumomin Sakkwato ta Arewa, Silame da Kware, yankunan da gulbi ke ratsawa ko yake kusa da su.

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare a gidajenmu. A ɗebo ruwa mai laka a jefa masa alif, laka ta kwanta, ruwa ya yi garau, sai uwargida ta juye a randa ta ce ya tsarkaka. Alif datti yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. Tafasawa ko zuba kulorin ke kashe ta. Haka kuma magidancin da ya sayi jarka daga kurar mai ga-ruwa sau da yawa bai san inda aka ɗebo ba, kuma ba za a ga laifinsa ba tunda famfon unguwarsu ya bushe. Tun 1854 likita John Snow ya nuna a Landan cewa famfo guda da bahaya ta gurɓata shi ne ya yi ta kashe mutanen wata unguwa. Garuruwan da suka raba ruwan sha da na masai sun rabu da kwalara, don haka nauyi mafi girma yana wuyan gwamnati da hukumar ruwa ta jiha.

Kafin famfo ya zo, kada a jira gari ya waye da mai gudawa. A samu lita guda ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi yana kurɓa ana kan hanyar asibiti. Idan an kai da wuri, cikin mutum ɗari da suka kamu ko ɗaya ba ya cika rasuwa.