Mai Juna Biyu da Keken Motsa Jiki: Me Lambar Bugun Zuciya Take Nufi?

Uwargida, idan akwai keken motsa jiki a gidanku, ko injin nan da ake tafiya a kansa a tsaye wuri ɗaya, kin san lambar da take bayyana a fuskarsa da zarar kin riƙe ƙarfen hannun. Yawan bugun zuciyarki ne a cikin minti ɗaya. A wurin awo mata sukan tambaye mu ko akwai lambar da bai kamata mai ciki ta wuce ba. Amsar a taƙaice ita ce, lambar tana da amfani, amma jikinki ya fi ta faɗin gaskiya.

Da farko ki sani motsa jiki alheri ne ga mai cikin da ba ta da matsala. Yana rage haɗarin ciwon sukarin da ciki ke kawowa, yana hana ƙiba fiye da kima, yana sassauta ciwon baya da taurin bayan gida. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu juna biyu da su samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar. Ga wadda ba ta cika fita ba, inji a gida sauƙi ne babba.

Ciki yana canza bugun zuciya

Kafin ki haihu jinin jikinki zai ƙaru da kusan rabin yadda yake a da, domin ya ciyar da ke da abin da ke cikinki. Saboda haka ko kina zaune zuciyarki takan ƙara bugu 10 zuwa 20 a minti, musamman a watannin ƙarshe. Jadawalin da aka manna a jikin injin kuwa, ko lissafin da yake yi idan kin shigar masa da shekarunki, yawanci ya dogara ne da cire shekarun mutum daga 220. Ba don mai ciki aka yi wannan lissafi ba. Kada ki bi shi ido rufe.

Ina batun 140?

Wataƙila kin ji an ce kada bugun mai ciki ya wuce 140. Ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka ce ta faɗi haka a 1985, kuma ita da kanta ta janye shi a 1994, don lamba ɗaya ba ta dacewa da kowace mace. Wadda ta saba aikin ƙarfi tana iya kai 140 tana hira, wata kuwa a 125 ta fara haki.

A ƙarshen 2018 masana a Kanada sun fitar da ma'aunin da za ki iya dubawa. Ga wadda ba ta kai shekara 30 ba, matsakaicin motsi yana tsakanin bugu 125 da 146 a minti. Ga mai shekara 30 zuwa sama, tsakanin 121 da 141. Wannan jagora ne kawai. Idan kina shan maganin hawan jini irin su labetalol, wanda yake rage saurin zuciya, lambar ba za ta nuna ainihin wahalar da kike sha ba.

Gwajin hira

Wannan ne ma'aunin da ba ya buƙatar wuta ko batir. Kina kan keken, ki yi magana da wanda ke kusa. Idan kina iya kai ƙarshen zance ba tare da numfashinki ya yanke ba, amma waƙa za ta gagare ki, kina daidai. Idan kalma biyu ko uku kawai ke fita sai kin ja numfashi, ki rage sauri ko da injin ya nuna 115. Idan injin da jikinki suka saɓa, ki bi jikinki.

Injin yana kuskure

Ƙarfen hannun yakan ruɗe idan tafinki ya bushe ƙwarai, kamar lokacin hunturu, ko ya jiƙe sharkaf da gumi, ko kina jijjiga hannu. Tsohon injin da aka sayo na hannu ya fi yin haka. Ɗamarar da ake ɗaurawa a ƙirji ta fi shi daidai. Idan kin ga lambar ta yi tsalle daga 110 zuwa 170 alhali ba ki ji komai ba, ki tsaya, ki ɗora yatsu biyu a wuyan hannunki ta gefen babban yatsa, ki ƙirga bugun na daƙiƙa 15, ki ninka sau huɗu.

Inda lambar ta fi amfani

Ki riƙa duba bugunki kafin ki fara, bayan kin zauna minti biyar, ki rubuta a takarda. Idan kin ga ya haura yadda kika saba, ko aikin da kike yi cikin sauƙi jiya yau ya sa zuciyarki gudu, kada ki hau ranar. Ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin ruwa a jiki duk suna sa haka. Idan kullum yana wuce 100 kina hutawa, ki zo da takardar wurin awo a duba ki.

Yadda za ki tsara

Ki fara da minti 10 zuwa 15, ki riƙa ƙarawa a hankali har ki kai 30. Minti biyar na farko da biyar na ƙarshe ki yi su sannu sannu. Ki zaɓi safiya ko yamma, a ɗaki mai iska, da ruwan sha kusa, kuma kada ki hau da yunwa. Idan ciki ya tsufa keke ya fi injin tafiya aminci, don nauyi ya rinjayi gaba, gaɓoɓi kuma sun saki. Idan injin tafiyar ne, ki maƙala igiyar tsayarwa a rigarki, kada ki yi gudu, domin in aka ɗauke wuta yana iya tsayawa farat ɗaya.

Ki sauka nan take ki zo asibiti idan kin ga:

• jini ko ruwa yana zuba ta gaba
• jiri, ciwon ƙirji ko ciwon kai mai tsanani
• ciwon mara yana zuwa yana dawowa kamar naƙuda
• sharaɓa ta kumbura ko tana ciwo
• haki tun ba ki fara ba
• motsin jariri ya ragu

Kada ki fara sai likita ya yarda idan an ce miki kina da hawan jinin ciki, ciwon zuciya ko na huhu, ƙarancin jini mai tsanani, mabiyiya ta tare bakin mahaifa, an ɗinke miki bakin mahaifa, ko kina ɗauke da fiye da ɗa ɗaya.

Maigida, kai ma da naka aikin. Ka duba injin ya zauna daram, ka kau da yara daga kusa da shi, ka zauna ka yi mata hira tana motsawa, don da kai za a yi gwajin. Kada ka matsa mata ta kamo lambar da kai kake kaiwa.

Uwargida, a awonki na gaba ki gaya wa ungozoma irin injin da kike da shi da minti nawa kike yi. Allah Ya raba lafiya.