Matakan Ciwon Hawa da Saukar Rai

Mai karatu, wataƙila ka san wani a danginku da yakan kwana uku ba barci, ga surutu, ga ɓarnar kuɗi, bayan 'yan watanni kuma ya shige ɗaki cikin baƙin ciki. Likitoci suna kiran wannan ciwo bifola. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 40 ke da shi a shekarar 2019.

Ciwon mataki-mataki yake tafiya. Yakan bi jini, kuma galibi a ƙuruciya yake somawa da rikicewar barci da saurin fushi. Sai tashin farko mai ƙarfi. Nan ne muke yawan kuskure, domin da zarar ya lafa sai a ce ya warke, a bar magani. Alhali in yana dawowa, kwanakin lafiya kan ragu, mantuwa ta shigo, sana'a da aure su jijjiga.

Babu gwajin jini da ke tabbatar da ciwon. Masu bincike sun ga alamun kumburi a jinin wasu majinyata, amma ba a dogara da su a asibiti. Daga labarinku likita yake gane matakin. To, tun da ka koyi rubutu, ajiye ɗan littafi: rubuta ranar da ya tashi, da awa nawa ya yi barci. Ka tafi da shi sashen masu taɓin hankali na Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. In majinyaci ya ambaci kashe kansa, a kai shi a ranar.