Idan Lokacin Sabis Ya Zo Tare: Darasi Daga Injinan Lantarkin N'Djamena

Gabatarwa

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. A wajen makanikai wannan rigakafi shi ne sabis, wato a tsayar da inji tun yana da lafiya, a yi masa juyen mai, a sauya filta, a duba sassan da suka fara cinyewa. Wannan takarda za ta duba abin da kan faru idan ayyukan sabis suka faɗo lokaci guda, da yadda ake auna illarsa da kwamfuta. Za mu ɗauki misali daga N'Djamena, babban birnin Chadi.

Halin da birnin yake ciki

N'Djamena ta daɗe tana dogara da injina masu shan mai, musamman na tashar unguwar Farcha. Matatar mai ta Djermaya, wadda aka buɗe arewa da birnin a 2011, ita ma ta ƙara masa wuta. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, buƙatar wuta ta ƙaru saboda fanka da firji da famfunan ruwa. Ke nan lokacin hunturu ya fi dacewa da babban sabis, sai dai kowane inji wannan ɗan lokacin yake jira.

Akwai kuma wani dalili. Ana ƙidaya sabis ne da sa'o'in aiki, ba da kwanaki ba. Injinan da aka kafa rana ɗaya, suka yi aiki tare, sa'o'insu tare za su cika.

Kwaikwayo a kwamfuta

Ba a kashe wa birni wuta don gwaji. Saboda haka injiniyoyi kan zuba bayanan tasha a kwamfuta, ta kwaikwayi aikin shekara guda sau dubbai, kowane zagaye da irin lalacewar da ta faɗo masa kamar ƙuri'a, sannan a ɗauki matsakaici. Ana kiran wannan dabarar Monte Carlo, wadda Stanislaw Ulam da John von Neumann suka ɓullo da ita a Amurka cikin shekarun 1940.

Haɗuwa iri biyu

Ta farko, ayyuka biyu a kan inji ɗaya. Mu ƙaddara juyen mai yana zuwa duk bayan sa'o'i 500, yana cin sa'o'i 8; babban sabis kuma duk bayan sa'o'i 2,000, yana cin 72. A sa'a ta 2,000 duka biyun sun zo. In kwamfuta ta tara su, za ta ce inji ya tsaya sa'o'i 80, alhali makanikai a cikin babban sabis suke yin juyen mai, sun gama a 72. Nan lissafi ya munana abin da bai kai haka muni ba.

Ta biyu ta fi haɗari, wato aiki ɗaya a kan injina biyu. Mu ƙaddara tasha tana da injina 5, birni yana buƙatar 4. In ɗaya ya tsaya, babu wanda zai sani. In biyu suka tsaya, sai a ɗauke wa wasu unguwanni wuta. Idan kowane inji yana tsaye kwana 1 cikin 10, kuma kwamfuta ta ɗauka babu ruwan wani da wani, za ta ce wasu takamaiman biyu za su tsaya tare kwana 1 cikin 100 kawai. Amma in jadawalinsu ɗaya ne, duk ranar da wannan ya tsaya, wancan ma yana tsaye. In kuma ayarin makanikai ɗaya ne, na biyu zai yi jira, sa'o'i 72 su zama 144.

Kammalawa

Wajibi ne mai tsara kwaikwayo ya gaya wa kwamfuta abubuwa uku: ayyukan da ake haɗawa, yawan injinan da aka yarda su tsaya tare, da yawan makanikai da kayan gyara. Sau da yawa maganin shi ne a gaggauta sabis ɗin wani inji da gangan, don sa'o'insu su saɓa. Kuskure a nan ba a takarda yake tsayawa ba. Asibiti da mai sayar da ƙanƙara ne za su ji shi a jika cikin zafin Afrilu.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin "sabis" da "gyara"?
2. Bayyana ma'anar "mu ƙaddara", ka yi jimla biyu da ita.