Ƙirgan biyar-biyar daga gida yake farawa

Uwa ta aiki ɗanta ya sayo gishirin dala goma, ta miƙa masa kuɗin ƙarfe wanda aka rubuta 50 a jikinsa. Yaron da ya fara lakwal zai tsaya ya tambaya: goma ne ko hamsin? Amsar wannan tambaya ita ce darasin da malaman lissafi ke kira ƙirgan tsallake, wato a ƙirga biyu-biyu, biyar-biyar ko goma-goma maimakon ɗai-ɗai.

Wannan hanya ta daɗe a ƙasar Hausa. A shekarar 1851 matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a Tasawa, inda ya ga ana ƙirga wuri biyar-biyar, ana jera shi kashi-kashi na 200 ko na 1000. Wuri ya wuce, amma biyar ɗin ta zauna a bakinmu: dala ɗaya tamma 5 ce ta sefa, dala biyar 25, dala ashirin 100, dala 200 kuma jika ɗaya. Duk wanda ya yi ciniki da dala, ninkawa da biyar yake yi ko da bai sani ba.

Abin tsoro shi ne yaro ya haddace jerin lambobi da ka alhali bai san abin da ya tsallake ba. Irin wannan yaro zai rera 5, 10, 15 babu gargada, amma in an ce ya ci gaba daga 35 sai ya yi turus. Ranar da malami ya kawo darasin ninkawa, sai lissafi ya zame masa dodo.

Saboda haka a fara da abin da hannu ke taɓawa. A jera takalman gida a bakin ƙofa, yaro ya ƙirga su ɗai-ɗai, yana faɗin 1 a hankali, 2 da ƙarfi, 3 a hankali, 4 da ƙarfi. Bayan ƴan kwanaki zai bar na hankalin da kansa. Daga nan a koma ga yatsun ƴan gida, hannu ɗaya biyar, mutum ɗaya goma. Sai a zuba ƙwallayen dabino 30, ya ƙirga su ɗai-ɗai, ya sake ƙirgawa biyar-biyar, ya gani da idonsa cewa adadin bai sake ba, lokaci ne kawai ya ragu. In ya ƙware, a sa shi ya faro daga tsakiya, ko ya ƙirgo da baya daga 50.

Ya ku iyaye, wannan aiki bai buƙatar littafi, bai buƙatar jin Faransanci. Minti goma bayan abincin dare sun isa. Gobe in za ku aiki yaron, ku bar shi ya ƙirga canjin da kansa a gabanku, ku yi haƙuri da shi har ya kai ƙarshe.