Kayan koyar da labarin ƙasa na nan a bayan katangar makaranta

A makarantu da dama na ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa da Minjibir, malamin labarin ƙasa kan shiga aji daga shi sai alli. Ɗalibai su yi ta hadda, ranar jarrabawar WAEC a ba su taswira su rasa gabas da yamma.

Alhali kayan aikin na bayan katanga. Irin waɗannan gonaki na kewayen Kano ne masanin labarin ƙasa ɗan Birtaniya, Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero, ya fara nazari a kansu tun shekarun 1960. Ya nuna yadda taki ke sa a noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu.

Malami zai iya ɗebo ƙasar jigawa da ta fadama ya zuba musu ruwa, yara su ga wadda ta fi riƙe shi. Gwangwani da rula sun isa auna ruwan sama. Gawo, mai kaɗe ganye da damina, darasi ne guda. Da Google Earth a waya kuwa, yaro zai hango madatsar Tomas, har ya nemo gonar gidansu.