Garki: Tallafin Rana Ɗaya Ba Ya Raba Gida da Talauci

A daren 15 ga Oktoban 2024 wata tankar mai ta kife a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa. Jama'a suka fito da jarkoki da bokitai suna kwasar fetur, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Mutanen Garki, da masarautar Ringim ta haɗa su da Taura, sun ji wannan rashi a jikinsu. An yi ta jan kunne kan haɗarin kwasar mai, kuma ya dace. Sai dai abin da ke kai magidanci gaban tanka da bokiti a hannu ba ɓoyayye ba ne. Tun a rahoton 2019 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce kashi 87 cikin 100 na mutanen Jigawa suna cikin talauci, Sakkwato da Taraba kaɗai ke gabanta. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya zo ya ƙara dagula lissafin kowane gida.

Tallafi kam ana yi. An raba shinkafa, an raba keken ɗinki da injin markaɗe, a zamanin Gwamna Badaru an bai wa mata awaki su kiwata. Matsalar ita ce galibinsa na rana ɗaya ne. Mace ta karɓi keke a gaban manya, a ɗauki hoto, a watse. Watan Agusta na kamawa, rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, zazzaɓi ya kwantar da yaro. Kafin kaka keken yana kasuwa, an sayar da shi rabin kuɗinsa an sayi magani da tiya biyu ta hatsi. Ba ta yi laifi ba, ran ɗanta ta ceta.

Garki ta daɗe da sanin wannan darasi. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar da babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukanta, lokacin tana cikin Jihar Kano. An yi feshi a bangon ɗakuna, an raba magani gida-gida, cutar ta ragu ƙwarai. Da aka daina, ta dawo yadda take. Talauci ma haka yake yi wa duk shirin da ya tsaya a rabin hanya.

Abin da ya yi aiki a Jigawa, ɗorewa ce ta sa ya yi. Daga 2014 ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger, da kuɗin gwamnatin Birtaniya, suka riƙa bai wa mata masu juna biyu Naira 3,500 duk wata a Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma, da kuma Anka da Tsafe a Zamfara, har sai yaro ya cika shekara biyu. Daga baya aka ƙara zuwa 4,000. Kuɗin a hannun uwa yake sauka, tare da faɗakarwa kan shayar da nono zalla wata shida da zuwa awon ciki. Masu binciken da suka bi sawun gidajen sun tarar tsumburewar yara ta ragu, mata da dama sun kama sana'a, sun sayi dabbobi, har sun yi ajiya. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma matar da ta san na watan gobe na tafe tana iya shiga adashi, tana iya riƙe akuyarta har ta haihu. A 2019 wa'adin biyan ya ƙare.

Ɗaya hanyar mai ɗorewa tana hannun matan da kansu. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi: mata su haɗu duk mako, su zuba abin da ya sawwaƙa a akwati, su ranta wa juna jari, su ware na taimakon wadda rashin lafiya ta faɗa wa. Salon ya bazu ƙasashen Afirka da dama, domin ko mai shirin ya tafi, akwatin yana nan.

Akwai masu cewa kuɗin wata-wata na koya wa mutane zaman jira, ko miji ne zai karɓe. Ba a rasa gidan da hakan ta faru. Amma a ƙauyukan da aka bincika aikin mata ƙaruwa ya yi, kuma galibinsu su ke yanke shawarar yadda za a kashe kuɗin.

Saboda haka gwamnatin Jigawa, da shugabannin ƙaramar hukumar Garki, da kwamitocin zakka na masarautu, su rage bikin rabo. Su zaɓi gidaje ko da kaɗan ne, su riƙe su shekara biyu ba yankewa, su haɗa matan da ƙungiyar ajiya, su kuma tabbatar akwai maganin zazzaɓi a asibitin gunduma kafin damina ta faɗi.